Grover Cleveland: yadda ya ci zaɓen 1884 da zargin ɗan gaba da Fatiha a wuyansa

Tambaya: An ce kafin Donald Trump akwai wani shugaban Amurka da ya yi mulki, ya faɗi zaɓe, ya sake dawowa. An kuma ce tun yana neman kujerar aka fallasa cewa yana da ɗa a waje. Wane ne shi, kuma yaya aka yi mutanen wancan zamani, da duk riƙon addininsu, suka zaɓe shi?

Amsa: Grover Cleveland ke nan, ɗan jam'iyyar Dimokurat. Ya yi mulki daga 1885 zuwa 1889, Benjamin Harrison ya kayar da shi, ya dawo ya yi daga 1893 zuwa 1897. Shi ya sa ake ƙirga shi sau biyu, shugaba na 22 kuma na 24. Maganar ɗan ma tana da tushe. Sai dai yadda aka saba ba da labarin, wai ya amsa laifinsa jama'a suka yafe masa saboda gaskiyarsa, rabin zance ne. Gaskiyar Cleveland a kan dukiyar jama'a take, kuma a nan ba a taɓa kama shi ba. A kan abin da ya shafi kansa kuwa, mutum ne da ya iya zaɓen abin da zai bari a sani.

Sai ka fara sanin sunan da ya yi kafin abin kunyar ya fito, domin wannan sunan ne ya cece shi.

An haife shi ranar 18 ga Maris 1837 a Caldwell, jihar New Jersey, na biyar cikin 'ya'ya tara na wani limamin coci. Uban ya rasu a 1853, karatun boko ya tsaya, yaron ya shiga neman abin da zai taimaki uwarsa. A 1855 ya sauka a Buffalo wajen wani ɗan'uwansu mai hali, ya shiga ofishin lauyoyi yana koyon aiki, ya zama lauya a 1859 ba tare da ya taka jami'a ba. Lokacin yaƙin basasa, da sunansa ya fito cikin waɗanda za a ɗiba aikin soja a 1863, ya biya wani baƙo ɗan asalin Poland dala 150 ya tafi a madadinsa. Doka ta yarda da haka, amma tsofaffin sojoji ba su manta masa ba. Daga 1871 zuwa 1873 ya riƙe muƙamin babban jami'in tsaro na gundumar Erie, kuma sau biyu shi da hannunsa ya rataye waɗanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa, alhali yana iya biyan mataimakinsa ya yi. Daga nan 'yan adawa suka laƙaba masa "haunin Buffalo".

Hawansa ya zo da saurin da ba a saba gani ba. Ya zama magajin garin Buffalo a farkon 1882. Majalisar gari ta ba wani ɗan gida kwangilar sharar tituna a kan dala 422,000, alhali akwai wanda ya nemi ƙasa da haka da kimanin dala 100,000. Cleveland ya hau kujerar na-ƙi, ya rubuta musu takarda mai zafi, suka janye. Kafin shekarar ta ƙare an zaɓe shi gwamnan New York da ratar ƙuri'a fiye da 190,000. A can ya ɓata da Tammany Hall, gungun 'yan jam'iyyarsa da ke rabon ayyuka da kwangiloli a birnin New York. Ya kuma ƙi sa hannu a kan dokar rage kuɗin jirgin ƙasa na cikin birni zuwa santi biyar, duk da cewa talakawa na so kuma mai jiragen, Jay Gould, ba shi da farin jini. Hujjarsa ita ce jihar ta riga ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin, ba za ta warware ta don neman suna ba. Cikin shekara uku, lauyan da ba a san shi ba a wajen Buffalo ya zama ɗan takarar shugaban ƙasa.

Abokin karawarsa a 1884 shi ne James G. Blaine na Rifublikan, gogaggen ɗan siyasa daga jihar Maine, mai baki, amma da tabo. Akwai wasiƙun da suka nuna ya yi amfani da kujerarsa ta kakakin majalisar wakilai ya taimaki wani kamfanin jirgin ƙasa na jihar Arkansas, ya kuma ci moriya. A ƙarshen ɗaya daga cikinsu ya rubuta cewa a ƙone wasiƙar. Saboda haka wasu 'yan Rifublikan masu neman gyara suka ɓalle suka bi Cleveland. Duk jarin takarar Cleveland tsabtar hannu ce. Ka ga kuwa wanda ke sayar da tsabta, ɗigon manja ɗaya ya isa ya ɓata masa kasuwa.

Ranar 21 ga Yuli 1884, kwana goma da tsayar da shi, wata ƙaramar jarida mai suna Buffalo Evening Telegraph ta fito da labarin. Wanda ya fi tura maganar wani limamin coci ne na garin, George H. Ball. Ga abin da ɓangarorin biyu ba su yi jayayya a kansa ba. Maria Halpin mace ce da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, tana aiki a wani babban kantin tufafi na Buffalo mai suna Flint & Kent. Ta san Cleveland, wanda a lokacin tuzuru ne mai shekara 36. Ranar 14 ga Satumba 1874 ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Oscar Folsom Cleveland, wato sunan babban aminin Cleveland kuma abokin aikinsa na lauya, haɗe da sunan Cleveland ɗin. Cleveland ya riƙa biyan kuɗin rainon yaron. A 1876 aka kai yaron gidan marayu, Cleveland na biyan dala 5 duk mako, ita kuma aka ɗauke ta da ƙarfi zuwa asibitin masu taɓin hankali na Providence. Bayan 'yan kwanaki aka sallame ta, domin likita ya ga lafiyar hankalinta lau. Ta nemi lauya, daga baya ta karɓi dala 500 ta janye. Wani likita, James E. King, ya ɗauki yaron ya raine shi da sunansa.

Daga nan hanya ta rabu biyu.

Da magoya bayansa na Buffalo suka buga masa waya suna tambayar me za su ce, amsarsa ita ce: ko me za ku yi, ku faɗi gaskiya. Wannan jimla ita tarihi ya riƙe. Amma ka duba "gaskiyar" da aka fitar. Cleveland da bakinsa bai taɓa tsayawa gaban jama'a ya yi bayani ba. Abokansa da wasu limaman coci da suka ce sun yi bincike su suka yi magana, kuma abin da suka ce shi ne: e, ya yi hulɗar da ba ta dace ba da matar, amma ba shi kaɗai ba ne, tana mu'amala da maza da dama, sauran duk masu iyali ne, shi kaɗai ne marar mata, sai ya ɗauki nauyin don ya rufa musu asiri ko da ba shi da tabbacin ɗan nasa ne. Suka ƙara da cewa tana shan giya, ta yi sakaci da yaron, raba su da aka yi ceto ne. Wasu har suka nuna cewa Oscar Folsom ne uban, shi kuwa ya mutu tun 1875 a hatsarin keken doki, ba zai tashi ya musa ba. A wata wasiƙa ta sirri Cleveland ya nuna fushinsa kan jawo sunan amininsa cikin maganar, amma labarin ya riga ya yi masa aiki.

Dubi yadda aka gina wannan kariya. An amsa ƙaramin laifi, wato zina, wadda a wancan zamani ake yi wa namiji marar aure uzuri a kanta. An yi saurin amsawa, don kada 'yan jarida su sami abin tonowa kullum. An mayar da biyan kuɗin raino ya zama shaidar mutunci. Sannan aka juye duk sauran dattin a kan matar, wadda ba ta da jarida, ba ta da jam'iyya.

Nata bayanin bai fito sosai ba sai ƙarshen Oktoba, saura kwanaki a jefa ƙuri'a, cikin takardar rantsuwa. Ta ce ranar 15 ga Disamba 1873 Cleveland ya gayyace ta cin abinci a wani gidan abinci na Buffalo, ya raka ta masaukinta, ya auka mata da ƙarfi ba da yardarta ba, ya kuma yi mata barazanar zai lalata rayuwarta in ta kai ƙara. Ta ce babu wani namiji a tsakani, babu shakka a kan uban ɗan, kuma ƙazafi ne a jingina shi ga Folsom. A yau sunan abin da ta bayyana fyaɗe ne. Ba a taɓa kai maganar kotu ba, kuma an fitar da takardar ne a tsakiyar yaƙin zaɓe, ta hannun masu son Blaine ya ci, don haka mai adalci ba zai ce an tabbatar ba. Amma akwai abubuwan da ke sa a ƙi watsar da ita. Waɗanda suka san ta a wurin aiki da coci ba su ba da shaidar cewa mace ce mai yawo ba. Asibitin da aka kai ta bai same ta da hauka ba. Kuma lauyan da ya san doka irin Cleveland, wanda bai taɓa sakin santi ɗaya ba tare da hujja ba, da wuya ya bari a sa sunansa a kan ɗan da yake ganin na wani ne. Malaman tarihi na farko sun ɗauki bayanin abokansa kusan yadda yake. Na baya-bayan nan sun fi ba nata nauyi, kuma ina ganin suna da hujja.

To, me ya sa bai faɗi ba? Dalilan sun fi ɗaya, kuma yafiya ce mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Na farko, a 1884 babu jihar da mata ke da ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa. Maza ne zalla suka yi hukunci a kan maganar da ke tsakanin namiji da mace. 'Yan Rifublikan sun yi ta rera waƙar tsokana a tarurruka, da muryar jariri: "Inna, Inna, ina Babana?" Mujallar Judge ta zana jariri yana kuka yana neman ubansa, Cleveland na toshe kunne. Abin ya ba da dariya, amma bai sauya ƙuri'a da yawa ba. Bayan zaɓe 'yan Dimokurat suka ƙarasa musu baitin: "Ya tafi fadar White House, ha ha ha!"

Na biyu, waɗancan 'yan gyara da suka baro Blaine sun auna laifin biyu suka zaɓa. An ruwaito wani daga cikinsu yana cewa tunda Cleveland ba shi da aibu a ofis amma yana da shi a gida, Blaine kuma mijin kirki ne amma ba a amince masa da ofis ba, sai a ba kowa inda ya fi iyawa: Cleveland ya tafi ofis, Blaine ya koma gida. Shi ma Blaine ɗin an taso masa da tasa, wata jaridar Indiana ta ce an haifi ɗansa na fari wata uku bayan ɗaurin aure, ya ce ai sun yi wani auren a ɓoye tun kafin nan. An ce da aka kawo wa Cleveland takardu kan wannan, ya saya ya yayyaga ya sa aka ƙone.

Na uku shi ne lissafi, kuma shi ne ainihin amsar tambayarka. A Amurka wakilan zaɓe na jihohi ke naɗa shugaba. A 1884 su 401 ne, ana bukatar 201. Jihohin kudu da na kan iyakarsu, masu wakilai 153, na Dimokurat ne ko wa aka tsayar, domin haushin yaƙin basasa da kuma danne ƙuri'ar baƙar fata da ake yi a can. Saura Cleveland ya samo 48 daga arewa. Ya ci Indiana mai 15, New Jersey mai 9, Connecticut mai 6. Duka 183 ke nan, bai isa ba. Komai ya rataya a kan New York mai 36.

A New York ɗin Blaine ya yi tuntuɓe sau biyu a rana ɗaya, 29 ga Oktoba. Da safe, a taron limaman cocin Furotesta da suka zo yi masa mubaya'a, wani mai suna Samuel Burchard ya kira Dimokurat jam'iyyar giya da bin Fafaroma da tawaye. Blaine na tsaye bai ce uffan ba. Alhali yana zawarcin ƙuri'un 'yan asalin Ireland mabiya Katolika, waɗanda Tammany Hall ta riga ta sanyaya musu gwiwa game da Cleveland, kuma mahaifiyar Blaine ɗin ma Katolika ce. 'Yan Dimokurat suka buga kalaman a takardu suka raba a ƙofofin coci ranar Lahadi. Kafin ya nisanta kansa, aikin gama ya gama. Da daren ranar kuma ya je walima a gidan abinci na Delmonico tare da manyan attajirai, har da Jay Gould, a shekarar da ma'aikata ke rasa aiki, washegari jaridar New York World ta zana su suna shagali, mabarata na miƙa hannu. Ƙara da ɗan takarar jam'iyyar hana giya da ya kwashe kimanin ƙuri'a 25,000 a jihar, galibi daga Rifublikan, da ruwan sama da ya hana manoman arewacin jihar fita. Ranar 4 ga Nuwamba Cleveland ya ci New York da ƙuri'a dubu ɗaya da 'yan kai, cikin fiye da miliyan ɗaya. Sakamako 219 da 182. Da mutum ɗari shida sun sauya ra'ayi, da yau ana koyar da cewa maganar Maria Halpin ce ta kayar da shi.

A mulki bai canja hali ba. Ya hau kujerar na-ƙi sau 414 a zangon farko, kimanin ninki biyu na duk shugabannin da suka gabace shi a haɗe. Yawanci dokoki ne na ba wa mutum ɗaya-ɗaya fanshon soja, waɗanda 'yan majalisa ke wucewa da su don faranta wa 'yan mazaɓa, shi kuma yana zama har tsakar dare yana karanta fayil ɗin kowa. A 1887 ya ƙi amincewa da dala 10,000 na irin shuka ga manoman Texas da fari ya cinye, yana cewa jama'a ke ɗaukar nauyin gwamnati, ba gwamnati ke ɗaukar nauyin jama'a ba. Wannan taurin kai ne ya sa ake girmama shi, shi ne kuma ya sa talaka bai taɓa jin ɗuminsa ba. Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: yarjejeniyar taron Balin ta 1885, wadda Turawa suka tsara cin Afirka da zirga-zirga a kogunan Kwango da Neja a cikinta, wakilin Amurka ya sa mata hannu, amma Cleveland ya ƙi miƙa ta ga majalisar dattawa, don haka Amurka ba ta taɓa tabbatar da ita ba.

Aurensa ma ya kamata ka sani, domin ya haɗu da labarin farko ta hanyar da ke sa mutum ya yi shiru. Da Oscar Folsom ya mutu, Cleveland ne ya kula da dukiyar da ya bari da kuma tarbiyyar 'yarsa Frances, wadda ya sani tun tana jaririya, tana kiransa kawu. Jaridu sun zaci uwar zai aura. Ranar 2 ga Yuni 1886 ya auri 'yar a cikin White House, yana da shekara 49, tana da 21. Jama'a suka so ta ƙwarai, kuma farin jininta ya taimaka wajen binne tsohuwar magana. Sun haifi 'ya'ya biyar.

A 1888 ya ɗora takararsa a kan rage harajin shigo da kaya, masu masana'antu suka zuba kuɗi a kan Harrison. Ya fi yawan ƙuri'un jama'a amma ya rasa New York da Indiana, ya faɗi 168 da 233. A 1892 ya rama, 277 da 145.

Zango na biyu ya zo masa da masifa, kuma a nan ne za ka ga ɗaya fuskar mai "ku faɗi gaskiya". Yana hawa tattalin arziki ya rushe, bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa suka yi ta durƙushewa. A ganinsa tushen cutar wata doka ce ta 1890 da ta tilasta wa baitulmali sayen oza miliyan 4.5 na azurfa duk wata, da takardun kuɗin da mai su zai iya dawowa ya canja da zinariya. Mutane suka yi ta kawo takarda suna kwasar zinariya, har ajiyar gwamnati ta faɗi ƙasa da dala miliyan 100 da ake ɗauka a matsayin iyakar aminci. Ya kira majalisa zaman gaggawa na 7 ga Agusta 1893 don a soke dokar. Ana cikin haka likitoci suka ga ƙari a ganɗarsa ta hagu, suka ce ciwon daji ne. Mataimakinsa, Adlai Stevenson, ɗan goyon bayan azurfa ne. In labari ya fita cewa shugaba na iya mutuwa, kasuwa za ta ƙara rikicewa, 'yan majalisa kuma su ja ƙafa.

Sai aka ce ya tafi hutun kamun kifi. Ranar 1 ga Yuli 1893, a cikin jirgin ruwan shaƙatawa na wani abokinsa mai suna Oneida, jirgin na tafiya, likitoci ƙarƙashin Joseph Bryant tare da W. W. Keen suka ɗaure kujera a jikin ginshiƙi, suka sa masa iskar barci, suka cire haƙora biyar da babban yanki na muƙamuƙinsa na sama. Ta cikin baki suka yi aikin duka, da wani ƙarfe mai janye kumatu, don kada a ga tabo a fuska kuma kada a taɓa gashin bakinsa da kowa ya san shi da shi. Bayan mako biyu aka sake ɗan gyara, sannan likitan haƙori ya yi masa ganɗar roba da ta dawo masa da muryarsa. Dokar kuwa an soke ta a ƙarshen shekarar, amma rikicin bai lafa ba. A 1895 sai da ya roƙi attajirin banki J. P. Morgan da abokansa su samo wa gwamnati oza miliyan 3.5 na zinariya. A 1894 ya tura soja Chicago su murƙushe yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa da ya faro daga kamfanin Pullman, gwamnan jihar na cewa bai nema ba, aka kashe mutane. Jam'iyyarsa ta rasa kujeru fiye da 100 a majalisar wakilai, a 1896 kuma ta juya masa baya ta tsayar da William Jennings Bryan, gwarzon masu azurfa. Ya koma Princeton, ya rasu ranar 24 ga Yuni 1908.

Amma asirin jirgin ya so ya tonu tun a lokacin. Ranar 29 ga Agusta 1893 wani ɗan jarida, E. J. Edwards, ya buga labarin tiyatar a Philadelphia Press, kusan daidai da yadda ta faru. Mutanen shugaba suka ƙaryata, suka ce haƙori ne kawai aka cire, jaridun da ke goyon bayansa suka mayar da Edwards maƙaryaci abin kunya ga sana'arsa. Jama'a suka yarda da fadar, domin ai Cleveland ba ya ƙarya. Salon ɗaya ne da na 1884: sunan da aka tara a kan amanar kuɗi, aka kashe shi wajen rufe bakin wanda ya faɗi abin da ba a so.

Edwards ya yi tsawon rai har ya ga 1917, lokacin da likita Keen ya rubuta cikakken bayanin tiyatar a mujallar Saturday Evening Post ya wanke shi. Maria Halpin ta sake aure, ta rasu a New Rochelle a 1902. Ɗan nata ya girma da sunan James E. King, ya zama likitan mata a Buffalo, bai taɓa yin magana a bainar jama'a kan wane ne ubansa ba, ya rasu a 1947.